Ɗan shekara 18 a jami'ar Amurka ba shi da mafaɗi

Ina aiki a wata jami'ar gwamnatin jiha a tsakiyar Amurka, kuma ra'ayina a kan tarbiyyar matasa irin na mutanen da ne. Ban ɓoye wa abokan aikina ba, ba kuma zan ɓoye wa 'yan gida ba. Na yi imani ɗan shekara 18 yana bukatar mafaɗi, wanda zai ja shi gefe ya ce masa "kai, ba a haka", shi kuma ya ji nauyinsa. Jami'o'in nan sun ba ɗalibi kusan duk abin da kuɗi ke saye, amma sun raba shi da mafaɗi, kuma da doka suka raba shi.

Dokar ana kiranta FERPA, tun 1974 take aiki. Da zarar yaro ya shiga jami'a, sakamakon jarrabawarsa da horon da aka yi masa in ya yi laifi duk sun zama sirrinsa. Akwai 'yan ƙofofin da aka bari, misali idan rai na cikin haɗari, ko an kama wanda bai kai 21 ba da giya, amma ko su ɗin dama ce aka ba makaranta, ba a tilasta mata ba, kuma da yawa sun fi son su ja bakinsu su yi shiru. Hanyar da ta rage wa uba ita ce ɗan ya sa hannu a takarda cewa ya yarda a nuna masa.

Wani Alhaji ɗan kasuwa a Kano, abokin yayana, ya taɓa kirana cikin dare. Ɗansa na karatu a wata jami'a da ba ta da nisa da mu. Shi ke biyan kuɗin makaranta da na ɗaki da na abinci, da dala, a lokacin da naira ke ta zubewa. Yaron ya rage ɗaga waya, in an tambaye shi karatu sai ya ce lafiya lau. Alhaji ya ce, "Malam, don girman Allah ka shiga ofishinsu ka duba min takardun yaron nan, hankalina bai kwanta ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ko kai ka hawo jirgi ka zo da rasit a hannu, ba za su nuna maka ba sai da yardarsa." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce, "To ni mene ne nawa a ciki? Biya kawai?" Da muka je muka same shi, ashe ya faɗi wasu darussa ya janye daga wasu, ya shafe lokacin sanyi a ƙule a ɗaki, ko Juma'a ba ya fita. Ba shaye-shaye yake ba, ba kuma lalacewa ya yi ba. Kaɗaici ne ya kama shi, ga kunyar faɗa wa gida. Makarantar ta yi ta aika masa imel, tana da ofishin masu ba da shawara kyauta, komai a rubuce a tsare. Mutum ɗaya ne babu, wanda yake ganin hakkinsa ne ya je ya buga ƙofar ɗakin.

Ba haka suke tun asali ba. Har farkon shekarun 1960 jami'o'in Amurka a matsayin iyaye suke: akwai lokacin rufe ƙofar ɗakunan 'yan mata, akwai uwar ɗaki mai sa ido, namiji ba ya wuce falon baƙi. Wasu makarantun suka yi zalunci da wannan iko. A jihar Alabama an kori ɗalibai baƙar fata saboda sun yi zaman dirshan a kan wariyar launin fata, ba tare da an saurare su ba, kuma a 1961 kotu ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin ya yi daidai. Zanga-zangar yaƙin Biyetnam ta biyo baya, a 1971 aka mayar da shekarun zaɓe 18 tunda ana kai ɗan 18 fagen daga. Daga nan abin ya zarce. Don an sami uba azzalumi, sai aka soke ubancin gaba ɗaya.

Ga kuma tufka da warwara. Tun dokar 1984 ba a sayar wa wanda bai kai 21 ba giya, wato hukuma da kanta ta yarda hankalinsa bai gama nuna ba. Amma wannan yaron dai an yarda ya sa hannu a kan bashin karatu na dubban daloli, bashin da jimillarsa a ƙasar ta haura dala tiriliyan 1.6. Dokar giyar ma ba ta hana su sha. Ƙarshen watan Agusta, makon da sababbin ɗalibai ke isowa, titin bayan makaranta a daren Asabar cike yake da yara riƙe da jajayen kofunan roba, suna fita wannan gida suna shiga wancan, wasu jiya-jiya iyayensu suka sauke musu akwati. Ƙungiyoyin samarin nan masu sunaye da haruffan Girka, waɗanda ke gana wa sabon shiga azaba kafin su karɓe shi, sun yi ta jawo mutuwar ɗalibai har sai da majalisar ƙasa ta yi doka a kan lamarin, aka sa mata hannu a Disambar 2024.

A aji kuma, nakan ga yarinya 'yar 19 ta kira farfesa mai furfura, sa'an kakanta, da sunansa tsagwaro, shi ma ya amsa da fara'a don shi ya ce a kira shi haka. Har yau kunnena bai saba ba. Ƙarshen kowane zango ɗalibai ne ke cike takardar auna malami, kuma ƙaramin malami da ba a tabbatar da shi ba ya san abincinsa na rataye da abin da suka rubuta. Wanda ke neman yardarka ba zai iya yi maka faɗa ba. Ɗalibi ya zama mai sayen kaya, kuma babu mai shagon da ke yi wa mai saye tarbiyya.

A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, na yi karatu, kuma ban ce mu mala'iku ne ba. Amma kafin ka gama rajista wani ya tambaye ka, "Ɗan gidan wa?" Mahaifinka ya riga ya ba ka sunan wani ɗan garinku, ko malami ne ko masinja a wani sashe, ya ce ka je ka gaishe shi, kuma kai ka san ma'anar gaisuwar: daga yau idonsa na kanka. Akwai ƙungiyar ɗaliban jiharku, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, akwai masallaci. In aka kwana biyu ba a gan ka a Magariba ba, wani zai leƙo ya ce, "Wane, lafiya kuwa?" Ɗakin da aka yi wa mutum huɗu ya ɗauki ninkin haka, risho ɗaya, tukunya ɗaya, in wake da shinkafa ya nuna kowa ya sa hannu. Rashi ne ya jawo cunkoson, ba na fatan kowa ya gaje shi, amma a irin wannan ɗakin ba yadda za a yi mutum ya kwana uku bai ci abinci ba a rasa wanda ya lura. Samarin da ke zuwa zance ƙofar Amina Hall, ɗakunan kwanan 'yan mata, kuwa sun san akwai idon da ya san gidansu.

A nan kowa da ɗakinsa mai ɗumi, da katin cin abinci, da waya. A watan Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama annoba, kusan rabin manyan ƙasar na fama da shi. Ban yi mamaki ba ko kaɗan.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. A 2022 ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya, ta yi yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas yara na zaune a gida. A nan ranar da ka shiga ka san watan da za ka fita. Malami yana da sa'o'in da dole ya zauna a ofis ƙofa buɗe, in ka ga an zalunce ka a maki akwai inda za ka kai ƙara a saurare ka. A gida girman malami ya sha zama tsoro, kuma a ƙarƙashin wannan tsoron an ci amanar 'yan mata da yawa, an tilasta wa ɗalibai sayen takardun darasi, an kayar da wanda ya yi magana. Matsafan ƙungiyoyin asiri ma sun zubar da jini a jami'o'inmu. Duk wannan abin kunya ne. Maganinsa a wurina shi ne a hukunta malamin da ya ci amana, a kore shi, a kai shi kotu. Rushe girman malami baki ɗaya ba gyara ba ne, na ga inda aka gwada.

Wannan ra'ayi ne ya sa a siyasar ƙasar nan ba ni da gida. 'Yan Dimokurat sun fi sakar wa baƙo fuska, su ne kan fito in an taso wa masallaci, amma in magana ta zo kan tarbiyya, sau da yawa bayan makaranta da hukuma suke bi, su bar iyaye. 'Yan Rifablikan suna maganar iyali da ibada da hakkin iyaye da harshen da na sani tun a zauren gidanmu, amma shugabansu Trump ne ya hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shigowa a 2017, kuma a ƙarshen Janairun 2020 ya saka Najeriya a jerin waɗanda aka hana bizar zaman dindindin. Riƙon al'ada irin nasu ya cakuɗe da son bindiga da ƙyashin taimakon talaka, abin da wanda ya tashi a kan zakka da ciyayya ba zai iya haɗiyewa ba. Shi ya sa ƙuri'ar Musulmin nan take ta yawo. A 2000 da yawa Bush suka zaɓa, bayan harin Satumbar 2001 da yaƙin Iraƙi suka koma Dimokurat, a 2024 kuma Trump ne ya zo na ɗaya a Dearborn ta jihar Michigan, garin da Larabawa suka fi yawa. Gaza ce babban dalili, amma rikici a kan littattafan da suka shafi jinsi a makarantun yara ya riga ya ɓata zukata kafin nan.

Abin da ya faranta min rai shi ne shari'ar gundumar Montgomery a jihar Maryland. Iyaye Musulmi da Kiristoci suka haɗu suka ce a riƙa sanar da su in za a karanta wa 'ya'yansu 'yan firamare littattafan da suka shafi jinsi da auren jinsi, don su janye su daga darasin. Ba su ce a ƙona littafi ba, ba su ce a kori kowa ba. Hukumar makarantun ta ƙi, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, wadda a Yunin 2025 ta goyi bayan iyayen da alƙalai 6 a kan 3. A ce sai an kai Kotun Ƙoli kafin uwa ta sami ta cewa a kan abin da ake karanta wa ɗanta ɗan shekara 6, wannan kaɗai ya isa ya nuna nisan da aka yi.

Ga masu hali a Kano da Kaduna da Maraɗi da ke tura yara waje da zarar sun gama sakandare, shawarata ita ce in da dama yaro ya yi digirin farko a gida, ya fito na biyu da hankalinsa. In kuma dole ne, kafin a nemi biza a nemi gidan da zai riƙa shiga. A masallacinmu mun fara haɗa kowane sabon ɗalibi, daga Najeriya ko Nijar ko Ghana, da wani magidanci. A ɗauko shi Juma'a, ya ci tuwo a gidan ranar Lahadi, maigidan na da lambar mahaifinsa, yaron kuma ya san da haka tun ranar farko. Wata abokiyar aikina ta ce wannan shisshigi ne a rayuwar manyan mutane, na ce mata babu wanda muke tilastawa, kuma har yau ban ga wanda ya ƙi ba. Inda muke da ƙaranci shi ne gidajen da za su karɓi 'yan mata, don matan aure da yawa a cikinmu aikin asibiti suke yi da dare, kuma iyayen 'yan matan ne suka fi kira.