Dutsen bai lanƙwasa ba, lokaci ne aka zana

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda ake koyar da lissafin kwadiratik, wato lissafin da a cikinsa ake ninka lambar da ba a sani ba sau kanta. Malami zai zana layi mai lanƙwasa kamar baka a allo, ya ce wannan dutse ne aka cilla sama, yara su kwafa a wuce. Ka tambayi ɗalibi me zanen ke nunawa, sai ya ce hanyar da dutsen ya bi. Ba haka ba ne. Dutsen da aka cilla sama sak, sak yake dawowa, ko gefe bai leƙa ba. Layin da ke kwance a ƙasan zanen lokaci ne, na tsaye kuma tsayi. A ganina, duk wanda bai gane wannan ba haddar tsari kawai ya yi.

Mu ɗauki misali. Ka cilla dutse daga ƙasa da gudun mita 19.6 a sakan. Tsayinsa a kowane lokaci shi ne h = 19.6t − 4.9t², inda h ke nufin tsayi a mita, t lokaci a sakan, t² kuma t sau kansa. Wannan 4.9 rabin 9.8 ne, shi kuma 9.8 ɗin shi ne yawan gudun da ƙarfin jan ƙasa ke zabge wa dutsen a kowane sakan yana hawa. Bayan sakan ɗaya yana mita 14.7. Bayan sakan biyu yana mita 19.6, nan ne ƙololuwa. Ka duba da kyau: a sakan na farko ya hau mita 14.7, a na biyu 4.9 kacal ya ƙara, ƙarfinsa ya ƙare. A sakan na uku ya dawo 14.7 ɗin nan dai, a na huɗu ya bugi ƙasa. Da za a sa yara su cike waɗannan lambobi da hannunsu kafin a nuna musu wani tsari, da su da kansu za su ga cewa saukowa hawan ne aka juya.

Wani abin da ba a cika nuna musu ba, babu nauyin dutsen ko'ina a cikin lissafin. Tun 1638 masanin kimiyyar nan na Italiya, Galileo, ya wallafa cewa nisan da abu ke faɗowa yana tafiya ne da lokaci sau kansa. Iska ce ke ruɗa mu, kuma lissafin ya yi kamar babu ita, shi ya sa ya dace da dutse amma ba zai yi wa takarda aiki ba. A 1971 ɗan sama-jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka sauka tare.

Malamai, don Allah ku fara da tambayar "ina dutsen yake a sakan na uku?" kafin ku ɗauki alli ku zana bakan.