Sarki Yana Fada, Mulki Yana Teburin Ministoci

A ranar 6 ga Satumba 2022 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta karɓi Liz Truss a fadar Balmoral, ta ba ta izinin kafa gwamnati, kwana biyu bayan haka kuma Sarauniyar ta rasu. Kafin watan Oktoba ya ƙare Truss ta sauka bayan kwana 49 kacal a kan kujera, Sarki Charles na Uku ya naɗa Rishi Sunak. Cikin wata biyu Birtaniya ta ga masu sarauta biyu da firaministoci uku, amma babu sojan da ya fito daga bariki, babu ma'aikatar da ta rufe ƙofa. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin alamar ruɗani, ni kuwa a ganina a nan ne tsarin mulkin Birtaniya ya nuna ainihin ƙarfinsa, kuma wanda yake son ya fahimce shi sai ya kawar da ido daga fada ya dubi majalisar ministoci.

Aikin Sarki ba shi da tsawon bayani. Da sunansa ake kafa gwamnati, shi ne yake naɗa Firaminista, shi ne yake sa hannu kafin ƙudiri ya zama doka, sai dai duk wannan bisa shawarar ministoci yake yin sa, shawarar da ba ya ƙetarewa. Rabon da mai sarauta ya ƙi amincewa da ƙudirin majalisa tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Jawabin da yake karantawa ranar buɗe majalisa gwamnati ce take rubuta masa, ko da abin da ke ciki ya saɓa wa na bara. A 2019 ma da Firaminista Boris Johnson ya nemi a dakatar da zaman majalisa na mako biyar, Sarauniya ta amince, Kotun Ƙoli ce daga baya ta ce shawarar da aka ba ta ta saɓa wa doka. Abin da ya rage wa Sarki shi ne ganawar sirri da Firaminista kowane mako, inda yake tambaya, yake kuma iya jan kunne.

Majalisar Wakilai tana da kujeru 650, kuma duk wanda zai iya tara rinjaye a cikinta shi ne Firaminista, saboda haka babu ranar da talaka yake jefa ƙuri'a kai tsaye don zaɓen shugaban gwamnati. Shi kuma daga cikin 'yan majalisa yake zaɓo ministocinsa. Shi ya sa a 2023, da Sunak ya so tsohon Firaminista David Cameron, wanda ba ɗan majalisa ba ne a lokacin, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje, sai da aka fara ba shi kujera a Majalisar Dattawa. Manyan ministocin, su ashirin da wani abu, suna zama kowane mako a gida mai lamba 10 da ke titin Downing, kuma ƙa'idar da ta ɗaure su ita ce mafi burge ni a duk tsarin: a cikin ɗaki kowa yana iya musu iyakar ƙarfinsa, amma da zarar an yanke shawara ta zama ta kowa, dole kowane minista ya kare ta a bainar jama'a, wanda kuma zuciyarsa ba ta ɗauka ba sai ya ajiye muƙami. Haka Robin Cook ya yi a watan Maris na 2003 da ya ƙi yarda da yaƙin Iraƙi, ya bar gwamnatin Tony Blair, ya koma kujerarsa ta ɗan majalisa, ya tashi a zauren ya faɗi dalilansa.

Wannan komawa kujera ita ce asirin abin. Ministan da ya sauka bai koma gida ya rungume hannu ba, domin mazaɓarsa ce ta aiko shi, ƙuri'arsa tana nan, bakinsa yana nan, kuma Firaminista ya san gobe zai buƙace shi wajen zartar da kasafin kuɗi. Margaret Thatcher ta ci babban zaɓe sau uku a jere, amma a Nuwamban 1990, bayan murabus ɗin mataimakinta Geoffrey Howe, ta gana da ministocinta ɗaya bayan ɗaya, akasarinsu suka gaya mata cewa ba za ta kai labari ba, ta sauka. Johnson ya samu gagarumin rinjaye a 2019, duk da haka a ranar 5 ga Yuli 2022 ministocinsa Sunak da Sajid Javid suka yi murabus, sama da mutum 50 masu riƙe da muƙamai suka bi bayansu, ranar 7 ga wata ya sanar zai tafi, domin ya rasa waɗanda zai cike guraben da su. Ita ma majalisar tana da nata makami, wato ƙuri'ar yanke ƙauna, wadda ta kayar da gwamnatin James Callaghan a 1979 da ratar ƙuri'a ɗaya tak, 311 da 310.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a Najeriya, domin daga 1960 zuwa 1963 Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasa, Gwamna-Janar yana wakiltarta, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana jagorantar ministocin da su ma 'yan majalisa ne. A tsarin da ake bi yanzu a Najeriya ɗan majalisar da aka ba minista sai ya bar kujerarsa, don haka ranar da aka sallame shi ba shi da wurin komawa, kuma ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa murabus saboda saɓanin ra'ayi ya yi ƙaranci.

Ba zan ɓoye inda tsarin ya gaza ba. Firaministan da yake da babban rinjaye yana iya mayar da zaman ministoci wurin sa albarka kawai, ya yanke muhimman shawarwari da 'yan tsirarun mashawarta, kamar yadda aka sha zargin Blair da yi. Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda ake samun magaji idan shugaba ya faɗi a tsakiyar wa'adi. Truss ta hau mulki ne da ƙuri'un 'yan jam'iyyar Conservative kimanin 81,000 a ƙasa mai mutum sama da miliyan 60, ministanta na kuɗi Kwasi Kwarteng ya gabatar da shirin rage haraji a ranar 23 ga Satumba, darajar fam ta faɗi, ta kore shi a ranar 14 ga Oktoba don ta tsira, amma ba ta ƙara ko mako guda ba kafin ta sanar da nata murabus. Sunak da ya gaje ta ko ƙuri'ar 'yan jam'iyya ba a kaɗa a kansa ba, kuma sai a ranar 4 ga Yuli 2024 ne masu zaɓe suka samu damar faɗin ra'ayinsu, suka ba jam'iyyar Labour ta Keir Starmer kujeru sama da 400.