Kyamarar lulluɓi da jama'ar da take tarawa

Wasu abokan sana'a na ƙorafin cewa tsohuwar kyamarar nan mai ƙafa uku da baƙin mayafi tana tara musu jama'a har aiki ya gagara. Ni kam saboda taron nan nake jure nauyinta zuwa ƙasashen waje.

Ga wanda bai san ta ba, cikinta na miƙewa yana naɗewa kamar zugazugin maƙera. Fim ɗinta falle-falle ne, faɗi inci 4, tsawo inci 5, kowane gidan fim da ake zurawa cikinta falle 2 kacal yake ci. In ka lulluɓe kai ka dubi gilashin baya, komai a kife zai bayyana, hagu ta koma dama. Gaggawa ba ta da wuri a nan.

A gadar Galata ta Istanbul, inda masunta ke jeruwa da ƙugiyoyinsu, sai na jira taragon lantarki ya wuce, domin girgizar gadar na ɓata hoto. Cikin jiran wani dattijo ya jingine sandarsa ya matso. Ba na jin Turkanci, shi ma ina zai ji Hausa? Na ɗaga masa mayafin. Da ya ga hasumiyoyin masallaci sun rataya ƙasa, jiragen ruwa na tafiya ta sama, ya fito yana salati, ya yafito abokansa. Su da kansu suka nemi in ɗauke su.

Abin da ke taɓa ni ke nan. Baƙo, balle baƙar fata, in ya ɗaga waya ya nufi mutane, sai fuskoki su ɗaure, kuma da gaskiyarsu, don sau da yawa satar hoto ake yi. Wannan kuwa ba ta ɓoyuwa. Mutum zai gyara hularsa, ya zaɓi tsayuwarsa. Da zarar na zura fim, gilashin ya rufe, dole in tsaya gefe mu dubi juna ido da ido kafin in latsa. Da irinta Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Mali, ya yi aiki a shagon da ya buɗe a Bamako a 1948, shi ya sa mutanen hotunansa suke cike da natsuwa da ƙima.

Wahala dai akwai. Yaro zai ture ƙafar kyamarar, a sake saiti daga farko. Hira za ta yi daɗi har hasken la'asar ya tsere. Duk da haka, don Allah in yaro ya leƙo kada ku kore shi. Ku sauke masa ƙafafun daidai tsawonsa, ku riƙe masa mayafin.