Bakin inji ba wuƙar layya ba ne

Ranar Asabar ƙanina ya turo min hoto daga Kano: 'yan ƙarafa shida a tafin hannunsa, duk bakinsu ya yi baƙi. Bara ne shi da abokinsa suka haɗa kuɗi suka sayo injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, irin waɗanda ake kawowa daga Jinan ta ƙasar Sin, suna zana fure a jikin ƙofofi. Ƙarafan nan su ne bakin da ake ɗaura wa injin, shi ke juyawa yana cin katako. Ya ce, "Yaya, in kai wa mai washi ne ko in zubar?"

Na daɗe ina aikin kafinta a wani shago a kudancin Jamus, kuma kafin in zo na ɗauka Bature ba ya gyara komai, da abu ya gaji sai bola. Ashe ba haka ba ne. Motar kamfanin washi na biyowa shagonmu, ta kwashi akwatin bakunan da suka dakushe, ta ajiye na wancan zuwan. A yankin nan ma masu ƙera kayan suke: Leitz a Oberkochen, Leuco a Horb, ga Vollmer a Biberach da ke ƙera injinan washin kansu. Mai kuɗi ne ya fi kowa washi a ƙasar nan, don ya san abin da ke cikin ƙarfen.

Abin da ke ciki kuwa garin ƙarfen tungstin ne da aka ƙona da gawayi aka ɗaure da wani ƙarfe mai suna kobalt, wato kabayid. Kamfanin Krupp ya fito da shi kasuwa tun wajen 1926 da sunan Widia, ma'ana "kamar lu'u-lu'u". Kusan kashi 80 cikin 100 na tungstin ɗin duniya daga Sin yake fitowa, kuma a watan Fabrairun 2025 ta sa takunkumi a kan fitar da shi. Shi ya sa maigidanmu ko guntun da ya karye ba ya bari a share, akwai gwangwanin da ake tarawa a sayar a kilo.

To mu Hausawa ba za a koya mana washi ba. Duk wanda ya yi jajibirin Babbar Sallah a Kano ya ga masu washin wuƙa da dutsensu, tartsatsi na tashi, mutum ya gwada kaifi da babban yatsa ya ce ta yi. A 'Yan Katako ta Na'ibawa ma zarto ba ya kwana a dakushe. Amma wannan duk aikin ido ne da hannu, kuma mai riƙe da wuƙa yana gyara hannunsa in ta kauce. Kwamfuta ba ta da ido. Lambar da ka ba ta ita take bi.

Ni da kaina na sha wannan. A shekarata ta farko aka dawo mana da baki mai faɗin milimita 12, an wasa shi ya koma 11.6. Ga lambar nan a rubuce a jikin kwalinsa, ban duba ba. Na ɗaura, na kunna, na yanke allunan kabad guda. Da aka zo haɗawa, kwarmin da allo zai shiga ya yi masa kaɗan, kowane allo kuma ya fi awonsa da ɗan abin da ido ba ya gani amma haɗi yana ji. Maigida bai yi faɗa ba. Ma'auni kawai ya ɗauko ya ajiye a gabana ya wuce, wallahi gara ya zage ni.

Don haka na ce wa ƙanina kada ya kai wa mai washin wuƙa. Dutsensa ba ya cin kabayid, sai dai ƙarfen ya cinye dutsen, ya yi zafi ya tsattsage. Sai dutse mai garin lu'u-lu'u. Sannan abin da ke juyawa sau 18,000 a minti ɗaya, in haƙori ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo ko da kaurin gashi ne, shi kaɗai zai riƙa yanka, injin ya kama rawa, katako ya fito da zane. Ƙurar kobalt ɗin ma tana lalata huhu, shi ya sa a nan cikin rufaffen inji ake yi, mai ko ruwa na zuba a kai.

Cikin shidan nan nasa, na tabbata biyu ba su dakushe ba ma, datti ne. Gam ɗin da ke cikin allon MDF (allon da ake haɗawa da garin katako) da ƙaron katako suna daskarewa a bakin, ya riƙa ƙona aiki. A jiƙa, a goge da tsohon buroshin haƙori, a gwada tukuna. Masu miƙaƙƙen haƙori kuma yana iya goga musu allon lu'u-lu'u da ɗan ruwa, ta fuskar ciki kawai, ba ta gefen waje ba, kuma in ya goga wa wannan haƙori sau goma ya goga wa wancan sau goma. Masu murɗaɗɗen haƙori ba aikin hannu ba ne sam. Ƙananan nan masu arha na milimita 3 kuwa ko a Jamus ba mai ɓata lokaci a kansu, gwangwani suke tafiya.

Abin da nake ganin ya kamata wani mai jari ya duba shi ne shagon washi guda ɗaya a Kano, mai dutsen lu'u-lu'u da ma'auni, wanda zai riƙa dawo da kowane baki da sabuwar lambarsa a rubuce, masu injinan Kaduna da Katsina su riƙa aiko nasu a mota. Na faɗa wa ƙanina haka, sai ya ce, "To Yaya, ai kai muke jira." Na ce ya fara sayen ma'auni, ya auna shidan nan ya turo min lambobin.