Daren da Iya Ta Ƙwace Mini Duniyar Gizo

A jami'a a Kano na koyi wasan nan da ake kira Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ba ya buƙatar waya ko kwamfuta. Mutum ɗaya ne yake jan ragamar labari, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa faɗin abin da zai aikata, sannan a jefa wani ɗan lido mai fuska ashirin a ga ko abin ya yiwu. Wanda ya jefa ashirin ya taki babbar sa'a, wanda ya jefa ɗaya kuwa ya sha ƙasa.

A can muna yin wasan ne a cikin Forgotten Realms, ƙagaggiyar duniyar da Ed Greenwood ya ƙirƙira, kuma akwai wani abokinmu da ya haddace garuruwanta da sarakunanta har ba na iya buɗe baki sau biyu bai yi mini gyara ba. Saboda haka da na koma ƙauyenmu kusa da Ringim lokacin hutu, sai na yanke shawarar in shirya wasan a duniyar Gizo da Ƙoƙi, inda a ganina babu littafi, babu mahaddaci, ba wanda zai ce mini kanzil. Kwana uku na yi ina zana taswira a bayan tsohuwar kalanda, da gidan sarki, da kogon Dodo, da rafin da za a tsallaka.

Bayan sallar isha'i muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka jingina tocila da turmi. Ƙanena ya ɗauki Gizo, ƙanwata ta ɗauki Ƙoƙi, ɗan baffana kuma ya ce shi kura yake so. Kakarmu, wadda muke kira Iya, tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ni kuwa ban ma sa ta a lissafi ba.

Na gyara murya na fara bayanin yadda Dodo ya sace 'yar sarki, sai na ji an ce, "Maigidana, haka ake shiga gidan mutane ba sallama?" Dole na koma baya na ce ga ta nan, ga ta nanku, yaran suka amsa da ta zo mu ji ta, sannan aka bar ni na ci gaba.

Da muka isa bakin kogo, ƙanena ya ce Gizo zai zare takobi ya afka wa Dodo. Ya jefa ɗan lido, ashirin ta fito cif. Na miƙe tsaye don murna, na shiga kwatanta yadda takobin ya raba kan Dodo da gangar jikinsa. Iya ta ajiye ƙwaryar gyaɗa, ta ce tun tana yarinya take jin labarin Gizo a bakin kakarta, kuma ba ta taɓa jin ranar da ya riƙe ko da wuƙar yanka kuɓewa da niyyar faɗa ba, domin shi matsoraci ne wanda wayo kaɗai yake ci da shi. Ta ƙara da cewa wannan Gizon nawa ma jabu ne, tunda harshensa garau yake, alhali kowa ya san Gizo yana da tsamin baki. Daga nan ƙanena ya koma kiran sarki "shayki", aka kwashe lokaci mai tsawo ana dariya, Dodona kuwa ya tashi da kansa a wuyansa kamar ba a taɓa sare shi ba.

Sai ɗan baffana ya jefa sha tara, na sanar cewa kura ta gano makircin Gizo ta ƙi shiga rami. Iya ta ce wannan kam ƙarya ce tsagwaronta, kura ba ta taɓa ganin nama ta tsaya tunani ba. Na yi mata bayani cikin ladabi cewa a dokar wasan, abin da ɗan lido ya nuna shi ne hukunci. Ta miƙo hannu na ba ta, ta jujjuya shi a hasken tocila, ta tambaye ni ko wannan ɗan dutsen ya girme ta ne.

Ana cikin haka Baffa ya yi sallama, ya ga an yi da'ira ana jefa abu a tabarma, ya tambayi nawa aka zuba. Na rantse masa cewa ba caca ba ce, ko kwabo babu a ciki. Maimakon hankalinsa ya kwanta, sai ya ƙara tashi, ya ce ashe buhunan riɗin da aka sayar aka biya mini kuɗin makaranta, abin da suka haifar shi ne jifan dutse wanda ko riba babu.

Kafin in gama kare kaina, yaran sun juya mini baya sun fuskanci Iya, wadda ta riga ta ƙulle ɗan lidon a bakin zaninta. Ta ɗauki labarin daga bakin kogo, tana tambayar kowa abin da zai yi, tana yanke hukunci nan take ba tare da jefa komai ba. Ban so in faɗa ba, amma ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Da ɗan baffana ya yi barci, ni aka bai wa kura, kuma kafin a ce ƙurunƙus Gizo ya jefa ni rami sau uku.

Washegari na tarar an naɗe ƙuli-ƙuli a taswirata, mai ya ɓata kogon Dodo gaba ɗaya. Ɗan lidon kuwa sai bayan kwana biyu na gan shi a zaure, yara suna buga lido da shi, wani ya jefa sha bakwai ana ta rigima a kan ko zai ci 'ya'ya biyu a tafiya ɗaya.