San Gimignano: garin da talauci ya adana

A yankin Tuskani na ƙasar Italiya akwai wani ƙaramin gari a kan tudu mai suna San Gimignano, wanda tun daga nesa ake hango hasumiyoyinsa sun yi cirko-cirko a saman gonakin inabi da na zaitun. Masu tallar yawon buɗe ido sun fi ambaton farar giyar inabinsa, Vernaccia, wadda ta samu shaidar inganci ta hukuma a 1966, amma a ganina tarihin garin ya fi wannan muhimmanci nesa ba kusa ba.

Arzikinsa ya samo asali ne daga hanyar Via Francigena da masu ziyarar ibada ke bi zuwa birnin Rum, da kuma cinikin za'afaran. Da kuɗi suka taru, sai manyan gidaje irin su Salvucci da Ardinghelli suka shiga gasar gina hasumiya, kowa yana so tasa ta zarce ta abokin gabarsa, har aka ce adadinsu ya kai 72. Abin ya yi ƙamari har hukumar garin ta kafa doka a 1255 cewa kada wani ya gina wadda ta fi Torre Rognosa, hasumiyar hukumar garin ta wancan lokaci, tsawo. Yau 14 suka rage, mafi tsawonsu kuwa ita ce Torre Grossa mai mita 54, wadda hukumar garin ta gina wa kanta daga baya, aka kammala a 1311.

Annobar 1348 ta yi wa garin mummunar ɓarna, a 1353 kuma ya miƙa wuya ga birnin Florence. Daga nan ciniki ya ja baya, babu mai halin rushe tsohon gini ya ɗora sabo, shi ya sa ganuwa da lunguna da dandalin Piazza della Cisterna mai tsohuwar rijiya suka iso gare mu kusan yadda suke, har UNESCO ta sanya garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1990.

Abin da ke damuna shi ne yanayin ziyarar yanzu. Manyan motoci kan sauke baƙi da hantsi, su ɗauki hoto, su sayi tsaraba, su wuce kafin la'asar, da yawansu ba su ko leƙa cocin Collegiata sun ga aikin mai zane Ghirlandaio ba. Gidajen da ke cikin ganuwa kuma suna ta komawa masaukin baƙi da shagunan tsaraba. Ina ganin wajibi ne hukumar garin ta ƙayyade yawan motocin da ke zuwa a yini, ta kuma sauƙaƙa wa 'yan asalin garin kuɗin haya domin su ci gaba da zama a unguwannin kakanninsu.