Kafin ka cike fom ɗin sojan sama don an sallame ka daga aiki

Ina da magana da samarinmu na Sakkwato da aka sallama daga aiki, waɗanda yanzu ba su da zance a majalisa sai na shiga sojan sama. Bari in faɗi matsayata tun da wuri: ina son ganin ɗan Sakkwato cikin wannan kaki. Abin da ba na so shi ne ya sa shi don an ɓata masa rai a wurin aiki.

Ɗan yayata ne ya taso da maganar. Shekararsa 24, yana da difloma ta aikin lantarki, yana aiki a wani kamfanin casar shinkafa har tsadar dizal da ta shanshera suka sa aka rage ma'aikata, abin ya faɗa kansa. Tun bai gama karɓar 'yan haƙƙoƙinsa ba ya same ni da cewa, "Kawu, na gaji da wulaƙancin masu kamfani, jirgin yaƙi zan je in tuƙa." Na tambaye shi ta wace ƙofa, sai ya yi shiru. Shi a zatonsa ƙofar ɗaya ce.

Ba ɗaya ba ce. Matuƙan jirgi hafsoshi ne, kuma babbar hanyarsu ita ce NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, wadda ake shiga ta JAMB da ƙuruciya, a yi shekara biyar. Ɗan shekara 24 wannan motar ta riga ta tashi ta bar shi. Akwai DSSC, ƙofar zama hafsa ta masu digiri ko babbar difloma da suka gama bautar ƙasa, inda ake ɗibar likitoci da injiniyoyi da makamantansu. Sai ta kurata, wato BMTC, horon wajen wata shida a Kaduna. A tallan ɗaukar kurata na 'yan shekarun nan, mai takardar sakandare ana son shi tsakanin shekara 18 da 22, mai sana'a a hannu ko ƙaramar difloma kuwa ana ɗaga masa zuwa 25. Ana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, da tsawon mita 1.66 ga namiji, 1.63 ga mace. Ta nan irin ɗan yayata zai shiga, kuma ta nan ba a tuƙa jirgi.

Ban faɗi haka don in raina kurtu ba. Yawancin sojojin sama a ƙasa suke aiki: makanikan jirgi, masu ɗora makamai, masu kashe gobara, nas-nas, direbobi, da dakarun da ke gadin sansani, waɗanda su ma ana tura su daji da bindiga. Lokacin da aka kafa rundunar a 1964 Bajamushe aka ba shugabancinta saboda ba mu da ƙwararru, kuma har gobe ƙwarewar hannu ce ke riƙe da ita. Jiragen Super Tucano 12 da aka kawo daga Amurka a 2021 aka ajiye a Kainji, ba mai tayar da ko ɗaya sai wani yaro mai sufana ya duba shi. Wanda ya iya lantarki, ya dace aka sa shi wannan fanni, zai fito da sana'ar da ba a koyar da ita a kowane gareji. Ga albashi da ba ya jiran a sayar da buhu, ga asibiti, ga ɗaki a bariki, ga fansho. Duk wanda ya san yadda rayuwa ta koma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba zai ce waɗannan ƙananan abubuwa ba ne.

To ina matsalar? Yaron da ke gudun wulaƙancin manaja zai je inda kofur zai sa shi birgima cikin taɓo, kuma babu halin ya ce uffan. A kamfani in abin ya ishe ka sai ka ajiye musu makullinsu ka kama gabanka. A soja ka yi rantsuwa, ka sa hannu na shekaru, in ka gudu kotun soja ce ke jiranka. Ba kai ke zaɓen fanni ba, ba kai ke zaɓen gari ba. Akwai sansaninsu a nan Sakkwato, gaskiya ne, amma ba wanda ya yi maka alkawarin za ka riƙa zuwa Mabera cin tuwon dare. Kana iya tsintar kanka a Maiduguri ko Makurɗi ko Fatakwal, a yi Sallah biyu ba a gan ka ba. Zafin sallama wata nawa yake yi ya huce? Rantsuwar tana nan bayan ya huce.

Da ɗan yayar tawa ya kai wa mahaifiyarsa zancen ina wurin. Tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Awo, ka tai. Amma hwaɗa min, in sunka kai ka daji waya ta daina shiga, wa za ni kira?" Ya fara kawo mata lissafin albashi, ta ci gaba da tsintarta. Cikin takardun da ake nema akwai ta amincewar iyaye, don haka wannan tambaya tata sai an amsa ta kafin a kai ga Kaduna. Kuma ba tsoron banza take yi ba. A Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin Alpha Jet a yankin Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya yi tsalle da lema, ya ratsa daji da ƙafa kafin ya tsira. Wannan hafsa ke nan da duniya ta ji labarinsa.

Akwai wani nauyin da samarin ba sa kawo shi a hira, alhali mu a jihar nan mun fi kowa saninsa. Mutumin Sabon Birni ko Isa addu'a yake ya ji ƙarar jirgi a sama, don ya san ranar za a yi barci. Mutanen Silame kuwa, a Disambar 2024 wani farmaki da aka ce Lakurawa aka nufa da shi ya bar su da gawawwakin 'yan uwansu. Kafin nan an yi na Rann a Borno a Janairun 2017, a kan sansanin 'yan gudun hijira. Bam ɗin da ke sauka, hannun wani ƙaramin soja ne ya ɗaura shi a jikin jirgi. Ba shi ya zaɓi inda za a jefa ba, amma zai kwana da labarin. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake son namu su shiga su daɗe har su yi girma a ciki, a samu masu jin harshen ƙauyen, masu iya bambance ruga da maɓoyar ɓarayi, da ɗan sa-kai da ɗan bindiga. Sai dai wanda ya shiga don ya rasa abin yi ba zai daɗe har ya kai nan ba.

Na san za a ce da ni shekaru ba sa jira, mai 24 saura masa ƙiris. Haka ne, shi ya sa ban ce da ɗan yayata ya haƙura ba. Na ce ya ci gaba da karɓar aikin wayarin a unguwa don kada aljihu ya yanke masa shawara, ya riƙa fita gudu bayan sallar Asuba zuwa filin wasa na Giginya, ya nemi wanda ke cikin kakin ya zauna da shi ya ji gaskiyar bariki. In aka buɗe shafin ɗaukar kurata yana nan kan bakansa, ni zan raka shi sakatariyar ƙaramar hukuma a sa masa hannu. Masu shaye-shaye kuma kada su wahalar da kansu, akwai gwajin lafiya.

Saura 'yan damfara, don da zarar an fara talla suke fitowa. Fom ɗin kyauta ne a shafin rundunar na intanet, abin da za ka biya bai wuce ladan mai kafe da kuɗin buga takardu ba. Na san wanda ya sayar da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, ya tura wa wani mai cewa yana da oga a Abuja. Sunansa bai fito ba, layin mutumin ya daina shiga, yanzu babur ɗin wani yake karɓa yana kai balas da yamma.